Mudi Mai Shela, Wanda Ya Sunkuyar da Gari

Duk wanda ya bi ta Tsamiyar Kaɗi da safe, ƙauyen nan da ke gefen hanya tsakanin Ƙofa da Kwanar Dangora, zai tarar da wani dattijo zaune a kan buzu a ƙofar gidansa, ya saƙala rama a babban yatsan ƙafa yana tufkar igiya. In ka yi masa sallama ba zai dube ka ido da ido ba. Sai ya karkata kai gefe, ya kalli kafaɗarka ko katangar da ke bayanka, sannan ya kira sunanka da na mahaifinka, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Baƙo kan ɗauka girman kai ne ko raini. Ba ko ɗaya. Da gefen ido yake ganin mutane, domin tsakiyar idanunsa biyu a ƙone take. Sunansa Mudi, kuma har zuwa kakar bana shi ne mai shelar wannan gari.

Kafin ya koma tufka, safiyarsa ba ta zama ba ce. Da ya idar da sallar asuba sai ya zizara kwalli, ya rataya kuge, ƙarfen nan mai baki biyu da ake bugawa da ƙaho, ya nufi ƙofar dagaci ya durƙusa ya ji ko akwai saƙo. In akwai, sai ya maimaita shi a gaban dagaci har ya zauna masa, sannan ya shiga gari. Yakan tsaya a bakin rijiya, ya tsaya a mahauta, ya tsaya a masussuka, ya buga kuge ya ce, "Jama'a, Sarki ya gaishe ku, ya ce a faɗa muku." Daga nan ya ratsa gonaki zuwa rugage, inda ya koyi 'yan kalmomin Fulatanci don kada tsofaffinsu su ce ba su gane ba. Gayyar noma, zuwan masu lambar rigakafi, tunkiyar da ta ɓata, tsayuwar wata, rasuwa, duk ta bakinsa gari ke ji. Shekarar da rafi ya cika ya raba garin da rugar Buba, an ga Mudi ya ɗaure kuge a ka ya shiga ruwa iya wuya don ya kai labarin ciwon shanu. Buba yana nan da ransa, a tambaye shi.

Mu dai mutane ne masu saurin manta murya. Muna tuna wanda ya ba da umarni, mu manta wanda ya sha rana ya kai shi ƙofa ƙofa. Abin yana ba ni haushi, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Sana'ar tasu ta gado ce, kuma a Tsamiyar Kaɗi doka biyu ke riƙe da ita. Ta farko, mai shela ba ya ƙara ko kalma a saƙo, ba ya ragewa, domin muddin kuge na hannunsa bakin Sarki ne ke magana, ba nasa ba. Ta biyu, kuge ba ya taɓa ƙasa. Ko barci mai shi zai yi, a turke ake rataye shi. In mai shela yana da maganar kansa da yake so ya faɗa wa taro, sai ya ajiye kuge a ƙasa tukuna, kuma daga ranar ya tashi daga nasa. Kakan Mudi ya mutu bai ajiye ba, mahaifinsa ma haka.

Yadda idanunsa suka ƙone kuwa, a bakin aiki ne. A shekarar hamsin da biyu, da rani, rana ta yi husufi da hantsi ba tare da kowa ya san da zuwansa ba. Maza suka ruga masallaci, yara suka hau kaɗa gwangwanaye da ƙwarya kamar yadda aka saba, wai don a sake ta. To, dole wani ya tsaya ya duba, don ya sanar da gari idan an sake ta ɗin, kuma wa ke sanar da gari in ba mai shela ba? Mudi ya tsaya a fili ya ɗaga kai. Ya ce bai ji zafi ba ko kaɗan, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan har yau. Ya ga baƙin abu ya ci gefenta, ya jira har ya janye, ya buga kuge ya yi wa gari albishir. Kowa ya koma harkarsa. Da ya shiga gida matarsa Balaraba ta kawo masa ruwa, sai ya ga mayafinta, ya ga kunnuwanta, ya ga ƙwaryar da ke hannunta, amma inda fuskarta take sai wani baƙin tabo. Ya murza ido, ya wanke, ya kwana ya tashi, tabon yana nan. Rana an sake ta ga kowa ban da Mudi. Duk fuskar da ya duba kai tsaye tun daga ranar, ta liman ce ko ta jariri, husufin nan yana zaune a kanta.

Ita Balaraba a lokacin tana gindin tsamiyar da garin ya samo sunansa, tana kaɗi. Mace ce mai kunya da tsoro, ko da wasa ba ta ɗaga kai ba. Ta sunkuya tana salati, sai ta ga wani abu a ƙasa. Ta ce hasken nan da ke ratsowa ta tsakanin ganye ya zuba a inuwa, wanda kullum yake dunƙule dunƙule, duk ya sake kama, ya koma kamar jinjirin wata, barjat a ƙasa, har a kan zanenta da bayan hannunta. Da ta ba matan gari labari a bakin rijiya suka yi mata dariya. Wata ta ce tsoro ne ya juya mata ido, wata ta ce mutanen tsamiya ne suka buɗe mata tasu kasuwar, ta je a yi mata rubutu. Balaraba ta kama bakinta. Mijinta kaɗai ta ci gaba da gaya wa, shi ma don ta ɗebe masa kewa ne a kwanakin da yake zaune a ɗaki da tsumma a ido. Damina biyu bayan haka ta rasu, kuma yana riƙe da hannunta amma bai ga fuskarta ba.

To, kowa ya san yadda sama ta ƙi zama lafiya a 'yan shekarun nan. Bara waccan aka ga tauraro mai wutsiya har sau biyu. Ba a gama maganarsa ba aka ce Turawan Rasha sun ƙera nasu tauraron sun cilla shi sama yana kewaya duniya yana kuka. Sai ga shi a ƙarshen daminar bana akwatin rediyon Malam Dikko, malamin yaƙi da jahilci na garin, ya faɗi abin da ya fi duka: an harba wani ƙarfe ya tafi har ya faɗa a kan wata. A dandali tsofaffi suka yi ta juya maganar. Daga baya wani ya ce shi ya lura watan ya yi ja, wani ya ce karnuka sun daina haushi in ya fito. Mutum ya jefi wata, ya sa ran a zauna lafiya? Ana cikin wannan ne saƙo ya iso wurin dagaci daga birni, cewa ranar Juma'a mai zuwa, wajen azahar, rana za ta yi husufi.

Saƙon kashi uku ne. Kada kowa ya firgita. Kada kowa ya kalli rana da ido haka nan. Wanda ya matsu sai ya gani, ya turara gilashi da hayaƙi har ya yi baƙi ƙirin, ya duba ta cikinsa. Da dagaci ya kai ƙarshe Mudi ya daɗe a durƙushe bai maimaita ba.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, da za a bar na ƙarshen nan. A ce kawai kada a kalla."

Dagaci ya ce, "Mudi, ni ma kawo mini aka yi. Yadda ya zo haka zai tafi, ka fi ni sanin wannan."

Da yamma ya je wurin Malam Dikko, ya same shi yana goge allo a rumfar karatu. Ya tambaye shi yadda mutum zai san abin da rana za ta yi tun ba ta yi ba. Malam Dikko ya ɗauko lemo da goruba ya gwada masa a tafin hannu, ya ce wata ne ke giftawa tsakaninmu da rana, inuwarsa ta faɗo a kanmu, kuma masu ilmin taurari sun san tafiyar kowanne, shi ya sa suke iya lissafa ranar haɗuwarsu tun da nisa. Ya ce babu ruwan wannan da ƙarfen da aka harba. Ya ce ya ji ma wasunsu sun taso daga ƙasashensu da manyan madubai sun nufi wajen Tafkin Chadi, inda ranar za ta rufe ruf, don su ɗauki hoton wani farin haske da ke kewaye da ita wanda ba a ganinsa sai a irin wannan lokaci.

Mudi ya ce, "Su suna da madubai. Mu fa?" Sannan ya ce, "Malam, a cikin abin da akwatin ya faɗa, ya ce wani abu game da hasken gindin bishiya?"

Malam Dikko mutum ne mai gaskiya, bai yi masa ƙarya ba. Ya ce, "Wallahi, Baba, ban ji ba, ban kuma taɓa karantawa ba."

Washegari Mudi ya kai saƙon yadda aka ba shi, kashi uku cif, a bakin rijiya da mahauta da masussuka da rugage. Bai ƙara ba, bai rage ba.

Garin ba shi da masallacin Juma'a, sai an je Ƙofa. Saboda haka ranar tun da hantsi dagaci da liman da Malam Dikko da duk namijin da ƙafarsa ke iya ɗaukarsa suka yi gaba, kowa yana son abin ya same shi a sahu. Mudi ne ya yi saura, da ma tafiyarsa a hankali ce. Ya biya ta gidan 'yarsa Salamatu ya sha ruwa. Gidan shiru, ko daka ba a yi. Jikarsa Fatima, yarinya ƙarama da ba ta fara famfara ba, ta rugo ta faɗa jikinsa. Ya shafa fuskarta yadda ya saba, tunda da hannu yake ganin ta, sai ya ji maiƙo. Ya ɗaga yatsunsa gefen ido ya ga sun yi baƙi. Ya karkata kai ya dubi yarinyar. An lafta mata kwalli da man shanu tun daga gira har kumatu, idanun sun koma ramuka biyu.

Ya ce, "Salamatu, mene ne wannan?"

Salamatu ta fito daga ɗaki, ita ma haka fuskarta take. Ta ce, "Baba, ai kai ka faɗa. Ka ce a sa baƙi tsakanin ido da rana. To gilashi nawa ne a garin nan? Fitilar ƙwai biyu ce, ta gidan Sarki da ta Malam, su ma an tafi da ƙwayayen. Shi ne muka ce a sa baƙin a idon kansa, ya ma fi kusa. Kowa ya sa wa nasa. Yau dai za mu ga abin da aka yi wa wata da idonmu."

Ba wanda ya san bakin da ya fara wannan dabara, kuma ba na son a nema. Ba wauta ba ce. Mutane ne aka gaya wa magani, aka hana su mazubi, suka duba abin da ke cikin tandunsu.

Mudi ya fito waje. Bai buƙaci ɗaga kai ba ya san an fara. Rana tana tsaka amma zafinta ya tafi, wata iska mai sanyi ta taso ta bi ta cikin dawa tana kaɗa ganye. Hasken ya koma launin ruwan toka. Inuwarsa a ƙasa ta yi kaifi kamar an yanka ta da aska. Kaji suka fara layi suna shiga akurki, wani zakara ya yi cara ya katse a tsakiya. Balbelu suka wuce ta kan gari suna komawa makwanci. Daga rugar Buba ana jiyo shanu suna kuka irin na yamma. Ya saɓi Fatima a kafaɗa, ya rufe mata ido da tafin hannu, ya nufi masussuka da saurin da bai yi ba tun yana saurayi.

Abin da ya tarar, waɗanda suka gani sun ce har yanzu in sun tuna tsigar jikinsu takan tashi. Matan gari da yaransu duk sun hallara a fili, ba bishiya ba rumfa. Kowace fuska da baƙaƙen ramuka biyu, daga tsohuwa mai sanda har goyon da ke baya. An zo da gwangwanaye amma ba wanda ya buga. Suna tsaye shiru cikin wannan mataccen haske, sun sa hannu a goshi, sun fara ɗaga haɓa. Ga Mudi kuwa, wanda shekara da shekaru yake ganin baƙin tabo a fuskar mutane shi kaɗai, sai ga shi yau tabon ya fito fili ya zauna a fuskar gari duka.

Ya buga kuge. Kawuna suka sauko suka juyo. Ya ce, "Jama'a, Sarki ya gaishe ku, ya ce a faɗa muku," ya maimaita saƙon daga farko, ya ja murya a kan kashi na biyu. Amma da ya zo na uku dole ya faɗe shi, kuma yana faɗa mata suka amsa masa cikin ladabi, "Mun ji, Baba, mun sa baƙi." Haɓa ta sake ɗaguwa. Saƙon da ke bakinsa shi ne yake tura su. Dagacin da zai ba shi izinin canza shi yana can Ƙofa a sahu. Ya kuma san ko ya yi ta ihun a daina, yaro ba ya barin kallo don an hana shi, sai in an nuna masa wani abin.

Sai ya zare igiyar kuge daga wuyansa, ya sunkuya, ya ajiye shi a ƙasa.

Ƙarar da ƙarfen ya yi a kan daɓen masussuka ba ta kai ta faɗuwar ludayi ba, amma duk wanda ke wurin ya ji ta. Inna, tsohuwar da ta fi kowa shekaru a garin, wadda ta san mahaifinsa da kakansa, ta dogara sanda ta matso. Ta ce, "Mudi, ɗauki abinka. Faɗuwa ya yi, duk mun shaida."

Ya ce, "Bai faɗi ba, Inna, ajiye shi na yi." Ya juya ga taron. "Sarki bai aiko ni ba. Wannan Mudi ne. Ku dube ni, ku bar sama. Inna, ke shaida ce, na taɓa fita shela ba kwalli a idona?"

Ta ce, "Ban taɓa gani ba."

Ya ce, "To ranar da rana ta ci nawa idon, da kwalli a ciki. Ba ta zafi, ba ta sallama. Za ku koma gida lafiya lau, sai kin ɗauki ɗanki ki nemi fuskarsa ki rasa. Ni na binne matata ban ga fuskarta ba." Ya gyara zaman Fatima a kafaɗarsa. "Amma ban ce kada ku gani ba. Mai son ganin rana, ta sauko gindin tsamiya. Ku biyo ni, kowa idonsa a kan ƙafarsa."

Ku lura da abin da mutumin nan ya yi. Ya sayar da gadon gidansu a kan maganar mace ɗaya da ta rasu, maganar da gari ya yi wa dariya, wadda malami bai taɓa ji ba, wadda shi kansa bai taɓa gani ba. In aka je gindin tsamiya ba a ga komai ba, za su fito fili su ɗaga kai, kuma ba shi da sauran abin bugawa da zai dawo da su. Ya wuce gaba da jikarsa a kafaɗa. Aka ji takun ƙafafu a bayansa, da farko kaɗan, sannan da yawa.

Gindin tsamiya ya yi duhu kamar bayan magariba. Suka shiga suka cika inuwar, suka tsaya. Mudi ya dubi ƙasa, tabonsa ya rufe inda ya duba. Ya karkata kai, gefen idon bai ba shi komai ba sai dishi dishi. Ko jarirai sun yi tsit. Ya ce a wannan shirun ya ji zuciyarsa tana gaya masa cewa matan bakin rijiya ne suka yi gaskiya, tsoro ne kawai ya juya wa baiwar Allah ido. Sai ya ji sandar Inna ta faɗi, ya ji tsohuwar ta durƙusa.

Ta ce a hankali, "Allah ya jiƙan Balaraba. Ni ce na ce a kai ta a yi mata rubutu."

Mudi ya ce, "Suna nan?"

"Suna nan."

"Yaya suke, Inna?"

"Kamar jinjirin wata daren sallah. Ba su ƙirguwa. Ga su a ƙasa, ga su a zanen Salamatu, ga su a rigarka, har a bayan hannunka akwai."

Ya sauke Fatima, ya cire tafinsa daga idonta. Ya ce, "Haka ta ce."

Suka zauna a nan, gari guda a sunkuye, baƙaƙen idanu duk a ƙasa. Yara suna tara hannu jinjirin watan yana sauka a tafinsu. Suka ga ya sirance har ya kusa ɓacewa, sanyi ya ƙaru, wata mujiya ta yi kuka daga cikin rassa da tsakar rana, tsofaffi suna ta salati. Can kuma suka ga ya fara kauri. A ƙasa suka ga an sake ta, ba wanda ya tsaya a fili ya dubo musu. Da hasken ya koma dunƙule dunƙule, zakaru suka hau cara kamar gari ya waye.

Da la'asar maza suka dawo suka tarar da kuge kwance a masussuka, an kewaye shi da duwatsu don kada akuya ta taka, ba wanda ya yarda ya taɓa. Dagaci ya ji yadda aka yi, ya zo da kansa har ƙofar Mudi. Ya ce shi bai ga an ajiye komai ba, mata ne kawai a wurin, a ɗauka a ci gaba. Mudi ya yi godiya ya ƙi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, in na ɗauka, gobe in na buga ba wanda zai san wace ce maganar Sarki, wace ce ta Mudi." Kuge yanzu yana wuyan ɗan ƙanensa Ɗanasabe. Yaron kirki ne, sai dai muryar tasa har yanzu ba ta kai rugar Buba.

A makonnin da suka biyo baya an ji labarin mutane daga wasu ƙauyuka da aka kai ɗakin shan magani suna kukan baƙin tabo a ido, kuma ba abin da aka iya yi musu. Daga Tsamiyar Kaɗi ba a kai ko mutum ɗaya ba. Malam Dikko bai huta ba sai da ya bincika wurin waɗanda suka fi shi sani, ya dawo da bayani: kowace 'yar kafa tsakanin ganye hoton rana take saukarwa a ƙasa, kullum ma haka take yi, ba ma lura ne don ranar a cike take. Yanzu yana gwada wa ɗalibansa da faifan da ya huda, kuma da kansa yake ce musu Balaraba ce ta fara gani a garin nan.

Mudi na Balaraba, muryar gari. Kai ne ka ɗaga kai sau ɗaya dominmu ka biya da idanunka, ba ka taɓa yi mana gori ba. Kai ne ka yi shekaru kana kai maganar wani ba ka sa taka a ciki ba, ranar da ka buɗe baki da taka kuwa ka san ita ce ta ƙarshe. Masu manyan madubai sun koma ƙasashensu da hotunan farin hasken nan, Allah ya ƙara musu sani, mun kuma gode musu da suka gaya mana ranar. Amma tsakanin saninsu da idon 'ya'yanmu akwai tazarar da ba rediyo ya cike ta ba, kai ka cike ta. Na faɗa ba kunya, ina rubuta wannan idona yana kawo ruwa.

Sama ba ta gama ba mu mamaki ba, an ce ma yanzu aka fara harbe harben. Saƙonni za su yi ta zuwa daga nesa, na gaskiya, daga bakin masana. Ku da za a ba ku su ku kai, malamai da ma'aikata da masu shela, ku yi koyi da wannan dattijo. Kada ku tsaya a kan na faɗa. Ku koma ku duba abin da mutane suka yi da abin da kuka faɗa, ku shafa fuskar yaran ku ga abin da zai biyo hannunku.

Mun gode, Baba Mudi. Allah ya saka maka da alheri, ya jiƙan Balaraba, ya nuna maka fuskarta a inda ba husufi. Ku kuma masu karatu, in hanya ta bi da ku ta Tsamiyar Kaɗi, ku tsaya ku gaishe shi. Sai dai kada ku tsaya a gabansa. Ku yi yadda Fatima take yi kullum da yamma in ta kawo masa fura: ku zauna a gefen damansa, ɗan baya kaɗan, nan ne zai gan ku.